Baƙar Fata Ba Rigar Aro Ba Ce

A watan Disamba na shekarar 2016, hukumar jami'ar Gwamnatin Tarayya da ke birnin Pelotas, can kudancin ƙasar Birazil, ta kori ɗalibai 24 daga sashen koyon aikin likita. Ba satar jarrabawa suka yi ba, ba su kuma ta da tarzoma ba. Laifinsu shi ne, sa'ad da suke neman shiga jami'ar, sun rubuta a takarda cewa su baƙar fata ne ko kuwa wankan tarwaɗa, suka karɓe guraben da doka ta keɓe wa jikokin bayi, alhali da aka kira su gaban kwamiti aka dube su, sai aka tarar ba haka abin yake ba. Waɗanda suka tona asirin kuwa 'yan tsirarun ɗalibai ne baƙar fata na jami'ar, waɗanda suka dubi fuskokin da ke cikin aji, suka ƙirga guraben da aka ce an ba 'yan'uwansu, suka ga lissafi ya ƙi fita.

Tun daga wannan lokaci jami'o'in ƙasar suka shiga kakkafa kwamitocin tantancewa, watau mutum uku ko biyar da za su zauna su dubi duk wanda ya ce shi baƙar fata ne, su gaskata shi ko su ƙaryata. Tun daga lokacin kuma aka kaure da gardama. Waɗansu 'yan jarida da lauyoyi da 'yan siyasa suka laƙaba wa kwamitocin sunan kotun launin fata, suka ce Birazil ta kama hanyar da Afirka ta Kudu ta bi a zamanin mulkin wariya. Wannan zargi mai nauyi ne, ya kuma cancanci a amsa shi filla-filla, domin akwai 'yar gaskiya a gefensa, ko da yake tushensa son zuciya ne. Rabon da aka keɓe wa wanda aka zalunta, muddin ba a sa mai gadi a bakin ƙofarsa ba, wanda ya saba ci shi zai sake cinyewa.

ASALIN BASHIN

Kafin a yi maganar mai gadi, ya kamata mai karatu ya san abin da ake gadi. A cikin shekaru fiye da 300 na cinikin bayi ta tekun Atlantika, an sauke 'yan Afirka kusan miliyan 5 a gaɓar Birazil, watau fiye da kashi 40 daga cikin ɗari na dukan waɗanda suka tsallaka tekun da ransu. Babu wata ƙasa a nahiyar Amurka da ta karɓi ko kusa da haka. Su suka noma rake a Bahiya da Pernambuco, su suka haƙo zinariya a Minas Gerais, su suka tsinki kofi a gonakin Rio da São Paulo. Birazil ce kuma ƙasa ta ƙarshe a wannan nahiya da ta haramta bauta, ran 13 ga watan Mayu 1888.

A cikin waɗannan bayi har da Hausawa, waɗanda yaƙe-yaƙen farkon ƙarni na 19 suka jefa a hannun fatake, aka gangara da su kurmi, aka sayar da su ga masu jiragen ruwa a Ikko da sauran tashoshin bakin teku. A birnin Salvador na jihar Bahiya, Hausawa sun ƙulla tawaye a 1807, aka tona asirinsu kafin ranar da suka sa, suka sake tayarwa a 1814. A watan Janairu 1835, cikin azumin Ramalan, bayi Musulmi, akasarinsu Yarbawa tare da Hausawa a cikinsu, suka fito titunan birnin da fararen riguna da layu suka gwabza da sojoji. Bayan an murƙushe su aka koro da yawa zuwa Afirka ta Yamma, 'yantattu kuma suka ci gaba da dawowa shekara da shekaru. Su ne suka kafa unguwar Popo Aguda da ke tsibirin Ikko, wadda ɗan Arewa mai harka a tsibirin ya sha ratsawa. Saboda haka in ana maganar baƙar fatar Birazil, ana maganar dangi ne waɗanda teku ya raba.

Dokar 'yanta bayi ta 1888 sashe biyu ce rak: na farko ya soke bauta, na biyu ya soke duk dokar da ta saɓa wa na farkon. Ba gona, ba jari, ba makaranta. Tun 1850 an riga an yi doka cewa ba a mallakar filin gwamnati sai da saye, tun 1881 kuma aka hana wanda bai iya karatu ba jefa ƙuri'a, hanin da bai kau ba sai 1985. A 1890 aka fitar da wata doka wadda ta buɗe ƙofa ga baƙi masu neman aiki, ta toshe ta ga 'yan Afirka da 'yan Asiya sai da iznin majalisa. Jihar São Paulo ta riƙa biya wa Turawan Italiya da waɗansunsu kuɗin jirgi don su zo su gaji aikin da bayi suka bari. Manufar kuwa ba a ɓoye ta ba, domin a 1911 wakilin Birazil a wani taron duniya da aka yi a Landan, João Batista de Lacerda, ya faɗa wa jama'a cewa cikin shekara 100 baƙar fata za ta narke ta ɓace daga ƙasarsa.

TATSUNIYA MAI DAƊIN JI

Da narkewar ta ƙi yiwuwa sai aka sake salo. Daga shekarun 1930, musamman bayan littafin da Gilberto Freyre ya buga a 1933, manyan ƙasar suka rungumi wata tatsuniya mai daɗin ji, cewa a Birazil jini ya gauraya, kowa ɗan'uwan kowa ne, don haka babu wariya. Gwamnatin soja da ta mulki ƙasar daga 1964 zuwa 1985 ta riƙa tallar wannan magana har a ƙasashen Afirka. A nan Ikko aka taɓa fasa ƙwan. Lokacin bikin FESTAC na 1977, Abdias do Nascimento, wani jagoran baƙar fatar Birazil wanda a sa'an nan yake koyarwa a Jami'ar Ife, ya rubuta takarda yana ƙaryata tatsuniyar. Masu shirya taron ƙara wa juna ilmi suka ƙi karɓarta, shi kuwa ya rarraba ta da hannunsa, daga bisani aka buga ta a Badun. Shekara guda bayan haka, a 1978, aka kafa haɗaɗɗiyar ƙungiyar baƙar fata a São Paulo.

Alƙaluman gwamnatin ƙasar da kanta sun goyi bayan Abdias. A ƙidayar jama'a ta 2022, kashi 45.3 daga cikin ɗari sun ce su pardo ne, watau wankan tarwaɗa, kashi 10.2 sun ce su preto ne, watau baƙaƙe, kashi 43.5 kuma farare. Idan aka haɗa na farko da na biyu, baƙar fata ne masu rinjaye a ƙasar. Amma hukumar ƙididdiga ta IBGE ta nuna cewa a 2018, tsakanin waɗanda duka suka gama jami'a, abin da farin mutum yake samu a awa guda ya ɗara na baƙi da wajen kashi 45 daga cikin ɗari. Rahotannin tsaro na 'yan shekarun nan kuma sun nuna cewa fiye da kashi 80 daga cikin ɗari na mutanen da 'yan sanda suka kashe baƙar fata ne. Ashe dai a ƙasar da aka ce ba a iya sanin wane ne baƙi, harsashi ba ya ɓata hanya.

DOKA DA ƘOFAR DA TA BARI A BUƊE

Don biyan wani abu daga cikin wannan bashi ne jami'o'in jihar Rio suka fara keɓe gurabe a 2003, Jami'ar Brasília ta bi sahu a 2004 da kashi 20 daga cikin ɗari, ta zama ta farko a jami'o'in Tarayya. Wata jam'iyyar masu ra'ayin riƙau ta kai ƙara, amma a watan Afrilu 2012 alƙalan Kotun Ƙoli suka haɗu baki ɗaya suka ce keɓe guraben bai saɓa wa tsarin mulki ba. A watan Agusta na wannan shekara Shugaba Dilma Rousseff ta sa hannu a doka mai lamba 12.711, wadda ta ba da rabin guraben jami'o'in Tarayya ga ɗaliban da suka yi sakandaren gwamnati, rabin wannan rabi ga 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi, sa'an nan a cikin kowane kaso aka ware wa baƙaƙe da wankan tarwaɗa da 'yan asalin ƙasar gwargwadon yawansu a kowace jiha. Dokar ta yi aiki. A 2018, karo na farko a tarihin ƙasar, baƙar fata suka haura rabin ɗaliban manyan makarantun gwamnati, da kashi 50.3 daga cikin ɗari. A 2023 aka sabunta dokar, aka ƙara da quilombola, watau zuriyar bayin da suka gudu suka kafa garuruwan kansu.

To, amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Dokar 2012 ta ce wanda ya bayyana kansa baƙar fata shi ke nan, ba ta tanadi mai bincike ba. A sassan da ba a rububi, wannan bai jawo ɓarna mai yawa ba. Amma a sashen likita da na lauya, inda ɗalibai da dama suke kokawa kan gurbi guda, sai ga yaran da tun haihuwarsu ake kiransu farare, su ma suke kiran kansu haka, sun wayi gari sun tuna da wata kaka baƙa da ba a taɓa rataye hotonta a zaure ba. Abin da aka gano a Pelotas aka sake ganowa a wurare da yawa. A watan Yuli 2020 Jami'ar Brasília ta kori ɗalibai 15, ta kuma soke takardun digiri na mutum 2 da suka riga suka gama. Kowane gurbi da aka ci ta wannan hanya yana da mai shi: wata yarinya 'yar mai wanke-wanke a gidan masu kuɗi, wadda ta ci jarrabawa daidai gwargwado, aka ce mata wuri ya cika. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

HUJJOJIN MASU ADAWA

Hujjar farko da masu adawa suke kawowa ita ce, tun da jini ya gauraya, duk wanda yake da kaka baƙa yana da haƙƙi, kuma in ana shakka sai a gwada jini. Wannan magana ta jahilci irin wariyar da ake yi a Birazil. Tun shekarun 1950 wani masanin zaman jama'a, Oracy Nogueira, ya bambance iri biyu. A Amurka asali ake bi, har jihar Virginia ta yi doka a 1924 cewa wanda yake da ko ɗigon jinin baƙi ba fari ba ne. A Birazil kuwa kama ake bi, watau fata da gashi da fuska. Mai gadin bene da ya nuna wa baƙo ƙofar baya ta 'yan aiki bai tambayi sunan kakarsa ba. Mai kanti da ya sa yaro ya bi mai saye a baya don kada ya yi sata bai nemi takardar asibiti ba. Gwajin jini kuwa yakan ba da amsar da ba ta da amfani ga kowa: a 2007 aka gwada Neguinho da Beija-Flor, shahararren mawaƙin bikin birnin Rio, baƙi wanda laƙabinsa ma ɗan baƙi yake nufi, aka ce kashi 67 daga cikin ɗari na asalinsa daga Turai ne. Da za a bi jini, da an hana shi gurbi an ba wanda bai taɓa jin zafin wulaƙanci ba. Magani inda ciwo yake ake shafa shi, ciwon Birazil kuwa a fuska aka ji shi, saboda haka kwamitin da ya dubi fuska ya dubi wurin da ya dace.

Hujja ta biyu ita ce ta Afirka ta Kudu, ita ce kuma ta fi ratsa zuciyar ɗan Afirka. Gaskiya ne a ƙarƙashin dokar rajistar jama'a ta 1950, wadda ba a soke ba sai 1991, jami'an gwamnatin wariya sun riƙa cusa fensir a gashin mutum su ga ko zai faɗi, don su san rukunin da za su sa shi. To, amma a duba abin da ya biyo bayan fensirin. Can tilas ne a kan kowa, kuma hukuncin shi yake yanke unguwar da mutum zai zauna, da wadda zai aura, da aikin da zai yi, da ko zai jefa ƙuri'a. A Birazil ba wanda ake kira gaban kwamiti sai wanda ya zo da ƙafarsa ya ce a ba shi rabon baƙar fata. In aka ƙi shi, gurbi guda ya rasa a kaso guda; gidansa da aurensa da ƙuri'arsa suna nan, yana kuma iya ci gaba da kiran kansa abin da ya ga dama. Likita da ɗan fashi duka sukan riƙe wuƙa, amma babu mai hankalin da zai ce aikinsu ɗaya ne. Abin mamaki ma shi ne, da yawa daga masu kukan wariya a yau bakinsu a rufe yake shekara da shekaru sa'ad da ajin likitoci yake fari fat a jihar Bahiya, inda baƙar fata suka fi kowa yawa.

Hujja ta uku ita ce a bar maganar launi gaba ɗaya, a bi talauci kawai. Mai wannan magana bai karanta dokar ba, ko kuwa yana fatan mai sauraronsa bai karanta ba. Sharaɗin farko a dokar 2012 shi ne sakandaren gwamnati, na biyu ƙarancin abin hannu. Launi a cikin waɗannan yake shigowa. Ɗan farin talaka yana da kasonsa, ɗan baƙin attajiri da ya yi makarantar kuɗi kuma ba shi da kome a ciki. Sa'an nan alƙaluman albashi da aka ambata a baya sun nuna cewa ko an daidaita ilmi, fata ba ta daina cin mai ita tara ba. Amurka ta ɗauki hanyar rufe ido a watan Yuni 2023, sa'ad da Kotun Ƙolinta ta haramta wa jami'o'i duba launin mai neman shiga, a shari'ar da ta shafi Jami'ar Harvard da ta North Carolina. Birazil ta zaɓi ta buɗe ido, kuma wanda ya zaɓi haka dole ne ya yarda a duba.

Ba Birazil kaɗai ta gano haka ba. Indiya, wadda ta daɗe tana keɓe gurabe ga ƙasƙantattun rukunonin jama'arta, ta sha fama da takardun jabu, har a 1994 Kotun Ƙolin ƙasar ta umarci jihohi su kafa kwamitocin binciken takardun asali. Duk inda aka ɗaura alheri a kan suna, za a sami masu aron sunan.

INDA KWAMITOCI SUKA YI ƁARNA

Duk da haka, kare kwamitoci ba zai sa a rufe ido ga kurakuransu ba, domin kurakuran suna nan, waɗansu ma abin kunya ne. A 2007, sa'ad da Jami'ar Brasília take yanke hukunci da hoto kawai, tagwaye biyu masu kama ɗaya suka nemi shiga, aka ce ɗaya baƙi ne, ɗaya fari. Sai da aka ɗaukaka ƙara, jaridu suka yi ca, kafin jami'ar ta janye. A 2016 wata kwalejin Tarayya a jihar Pará, wajen ɗaukar ma'aikata, ta fitar da jadawali mai ba da maki ga faɗin hanci da kaurin leɓe da siffar ƙoƙon kai da launin dasashi. Wannan kam shi ne fensirin Afirka ta Kudu da kansa, kuma daidai ne da jama'a suka yi tir da shi har aka janye shi. A 2024 Jami'ar São Paulo ta ƙi wani saurayi ɗan makarantar gwamnati wanda ya ci gurbin likita, bayan ɗan gajeren kallo ta wayar bidiyo, sai da kotu ta ba da umarnin a karɓe shi.

In an lura, duka waɗannan a wuri guda suka faru, watau a kan wankan tarwaɗa, mutanen tsakiya. Baƙi wuluk ba a gardama a kansa, fari fat ma haka. Amma pardo su ne rukuni mafi girma a ƙasar, kuma tun a 1976, da hukumar ƙididdiga ta bar mutane su faɗi launinsu da bakinsu, sai da aka tattara sunaye fiye da 130. Wanda ake gani baƙi a jihohin kudu, inda zuriyar Jamusawa da Italiyawa suka yi yawa, ana iya ganinsa fari a Bahiya. Kwamitin da ya manta da wannan zai zalunci ainihin mutanen da aka kafa shi don ya kare.

Maganin wannan kuwa an riga an rubuta shi. A watan Yuni 2017, sa'ad da Kotun Ƙoli ta tabbatar da dokar 2014 wadda ta keɓe wa baƙar fata kashi 20 daga cikin ɗari na ayyukan gwamnati, kason da aka ɗaga zuwa 30 a 2025 bayan an haɗa da 'yan asalin ƙasar da quilombola, ta halatta tantancewa bisa sharaɗi: a kiyaye mutuncin ɗan Adam, a kuma ba shi damar kare kansa. Alƙali Luís Roberto Barroso, wanda ya jagoranci hukuncin, ya ƙara da cewa inda akwai shakka ta gaskiya, maganar mai nema ita za a bi. Ƙa'idojin da gwamnati ta fitar a 2018 sun tanadi mutum 5 a kwamiti, maza da mata, masu launi dabam-dabam, a ɗauki zaman a bidiyo, sa'an nan a sami wani kwamiti dabam na ɗaukaka ƙara. Abin da ya rage shi ne kowace jami'a ta bi wannan sau da ƙafa. A ga mutum ido da ido, domin hasken hoto yana ƙarya. A rubuta dalilin ƙi a takarda a ba shi. A yi tantancewar kafin ya fara karatu, kada a bari sai ya shekara huɗu sa'an nan a kore shi, domin a sa'an nan gurbin ya riga ya salwanta ga mai shi na gaskiya. A jefar da magwaji da jadawalin maki. Tambaya guda ce a gaban kwamiti: wannan mutum, in ya fita titi a garin nan, baƙar fata ake ɗaukarsa ko kuwa? In 'yan kwamiti suka rabu, a ba shi.

DARASI GA MAZAUNA KURMI

Ɗan Arewa mazaunin Ikko ko Badun ko Fatakwal ba baƙo ba ne ga irin wannan ƙofa, ko da yake tasa ba ta launi ba ce. An kafa hukumar JAMB a 1978, tsarin mulki na 1979 kuma ya shigo da ƙa'idar raba daidai tsakanin sassan ƙasa, a yau kuwa jami'o'in Tarayya a Nijeriya suna raba gurabe kashi uku: 45 ga cancanta, 35 ga yankin da jami'a take, 20 ga jihohin da aka bari a baya wajen ilmin boko. Mai gadin wannan ƙofa kuwa takarda ce, watau shaidar asali daga ƙaramar hukuma. Yaron da aka haifa a Sabon Badun, aka haifi ubansa a can, yakan rasa takardar garin da ya tashi, sai ya hau mota zuwa ƙauyen da bai taɓa kwana ba, ya roƙi dagacin da bai san fuskarsa ba ya shaide shi. A gefe guda kuma ba asiri ba ne cewa mai kuɗi da mai hanya sukan sami takardar duk inda suka ga dama.

A nan fuska ba za ta warware kome ba, amma ƙa'idar da Birazil ta koya da wahala tana aiki: a tambayi abin da ya dace da cutar da ake son magancewa. In an keɓe kaso ne domin yaran da rashin makarantun kirki ya danne, to, tambayar da ta fi dacewa ita ce inda yaro ya zauna da makarantar da ya yi, abin da ake iya bincikawa a rajista, maimakon inda aka binne kakan kakansa. Kuma duk inda aka ƙi yaro, a faɗa masa dalili, a nuna masa inda zai kai kuka.

Masu cewa a rushe kwamitocin Birazil saboda sun yi kuskure a kan tagwaye, ba su taɓa cewa a rushe kotuna saboda alƙali ya taɓa ɗaure marar laifi ba. Gyara ake yi. Ranar da aka janye mai gadi, ba wariya za ta ƙare ba; abin da zai faru shi ne 'ya'yan masu hali za su koma cika takarda da launin da ya fi riba a wannan shekara, su tuɓe shi ranar da suka karɓi digiri. Wanda aka haifa da baƙar fata kuwa ba shi da inda zai rataye ta: da ita zai je neman aiki, da ita zai tsaya a shingen 'yan sanda, da ita zai nemi hayar ɗaki. Tun da shi yake ɗauke da nauyinta kullum, shi ya cancanci ɗan rabon da ya zo ta dalilinta, kuma haƙƙi ne a kan jami'a ta tabbatar cewa hannunsa rabon ya shiga.